Kunkurun Teku Mai Bayan Fata

Kunkurun teku mai bayan fata, wanda masana ke kira Dermochelys coriacea, shi ne mafi girma cikin kunkuran duniya. Tsawon babba yakan kusanci mita 2, nauyinsa kuma daga kilo 250 zuwa 700. Wanda aka tsinta a mace a gaɓar Harlech ta ƙasar Wales a 1988 ya zarce kilo 900. Ba shi da ƙoƙon baya mai tauri irin na 'yan'uwansa. Fata ce baƙa mai kauri da maiƙo ta lulluɓe dubban ƙananan ƙasusuwa, da tudu bakwai da suka miƙe daga wuya zuwa wutsiya. Da yake bayan yana lanƙwasuwa, nauyin ruwa ba ya fasa shi, shi ya sa yake nutsewa fiye da mita 1,000.

Girman jiki da kitse suna riƙe masa ɗumi, don haka yana shiga ruwan sanyi har gaɓar Kanada da Norway. Wasu kan tashi daga Indonesiya su ƙetare tekun Pasifik zuwa Kalifoniya, tafiyar da ta kai kilomita 10,000. Abin da ke jan sa nesa haka cimarsa ce, wato jelifish, halittar nan mai yauƙi da kusan duk jikinta ruwa ne. Ba shi da haƙora, amma maƙogwaronsa cike yake da ƙayoyi masu fuskantar ciki, waɗanda ke hana abin da ya haɗiya dawowa.

Namiji, da zarar ya shiga ruwa yana ɗan ƙyanƙyasa, ya bar tudu ke nan har abada. Macen ce ke fitowa, duk shekara 2 ko 3, galibi da dare. Takan ja jiki a kan rairayi har ta wuce inda igiyar ruwa ke kaiwa, ta share fili da ƙafafun gaba, sannan ta haƙa rami mai zurfi da na baya. A ciki take zuba ƙwai kimanin 80 zuwa 100 masu laushin ɓawo, ta ɗora wasu ƙanana marasa gwaiduwa a kai. Sai ta rufe, ta watsa yashi ko'ina don ɓad da sawu, ta koma ruwa. Bayan kamar kwana 10 ta sake fitowa, haka har sau 5 ko fiye a kaka guda. Hawayen da ake gani a idonta gishirin da ya yi wa jiki yawa ne take fitarwa.

Ba ta kwanci. Zafin yashi ne ke ƙyanƙyashe ƙwan cikin kwana 60 ko kusa da haka, kuma shi ke tsara jinsi: idan ya haura digiri 29.5 mata sun fi yawa, idan ya gaza sai maza. 'Ya'yan na fitowa da dare su nufi hasken da ke saman ruwa, kaguwa da tsuntsaye da karnuka na dakonsu. Fitilun gidajen gaɓa kan ruɗe su su juya wa teku baya. Ana ƙiyasta cewa cikin 1,000 da ƙyar ɗaya ke kai girma.

Wannan asara tsohuwa ce, jinsin ya saba da ita. Wadda ba ya iya ɗauka ita ce ta hannun ɗan Adam. A Rantau Abang ta Malesiya an ƙidaya ramukan ƙwai kusan 10,000 a shekara cikin shekarun 1950; aka yi ta kwashe ƙwan ana sayarwa, cikin shekara 50 kunkurun ya kusa ɓacewa daga wurin. A cikin teku kuwa, taru da ƙugiyoyin manyan jiragen kamun kifi na riƙe shi, ya kasa tasowa shan iska ya mutu. Leda mai yawo a ruwa kuma tana yi masa kama da abincinsa. Wani nazari na 2009 ya gano roba a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na gawawwakin da aka feɗe.

Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, na Pasifik kuwa suna dab da ƙarewa, kuma yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Babban rabon da ya rage yana tekun Atilantika. Gabon na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan masu zuba ƙwai, musamman Mayumba da Pongara, waɗanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 2002. Yana kuma fitowa a tsibirin Bioko, da gaɓar Kamaru da Gana da Najeriya, inda har yanzu ake cin namansa da ƙwansa a wasu ƙauyuka.

Matakan da suka yi aiki sanannu ne: sintirin dare a lokacin ƙwai, kwashe ƙwan ramukan da ruwa zai ci zuwa wuri mai tsaro, da sanya ƙofar kuɓuta a tarun jiragen kamun jatan lande. A Tirinidad, mazauna ƙauyen Matura da kansu suka koma masu gadi, suna samun kuɗi daga baƙi masu zuwa kallo, kuma yanka kunkuru a gaɓarsu ya kusa zama tarihi. Dokar da ba ta da irin waɗannan masu gadi daga cikin mutanen gaɓa ba ta hana a tone ramin ƙwai da dare.