Hoton da ke yawo a waya: yadda za ku sa ya yi wa lafiyar yara aiki

Wannan takarda taku ce, ku ma'aikatan sa-kai na unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye mata, da ma'aikatan asibiti na Tabla da Filinge da garuruwan ƙasar Kurfey. Kun sani cewa a yau labari ba ya jiran ranar kasuwa. Hoto ɗaya mai ɗan rubutu a kai yakan tashi daga wayar ɗan ci-rani a Legas ko Kwatano, kafin magariba ya iso hannun matarsa a ƙauye ta WhatsApp. Irin wannan hoto, mai ban dariya ko ban mamaki, wanda kowa ke tura wa na kusa da shi, shi ne Turawa ke kira mim. Masanin halittu Richard Dawkins ne ya ƙirƙiro kalmar a 1976, yana nufin duk wani tunani da ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta hanyar kwaikwayo.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, hoto yana tafiya ba tare da mai shi ba. Idan kuna wa'azin lafiya da allon hotuna a gindin bishiya, kuna nan don ku amsa tambaya. Hoton waya kuwa shi kaɗai zai isa inda za shi, babu mai gyara masa magana. Saboda haka dole ya ɗauki saƙo guda, na gaskiya, wanda uwa za ta iya aikatawa a ranar da ta gan shi.

Darasi daga igiyar awon damtse

Mafi kyawun misali yana cikin jakarku. Igiyar awon damtse ta tattara binciken shekaru masu yawa cikin launi uku. Ga yaro mai wata 6 zuwa wata 59, idan kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba, awon zai tsaya a ja: tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 ruwan ɗorawa ne, tamowa ta fara kama shi, yana bukatar kulawa. Daga 125 zuwa sama tsanwa ne. Uwa ba ta bukatar sanin milimita kafin ta gane abin da igiyar ta ce.

A nan Nijar aka nuna haka. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna ƴaƴansu da kansu, aka kuma ga cewa awonsu ya yi daidai da na ma'aikatan da aka horar. Daga can dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Dalilin nasararta shi ne kowane launi yana ɗaure da aiki guda. Kafin ku tura kowane hoto, ku auna shi da wannan ma'auni: wanda ya gan shi, me zai tashi ya yi?

Saƙonnin da suka fi cancantar hoto

A ƙasarmu wahalar yara tana ƙaruwa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu, zazzaɓin sauro da zawo suka yawaita, iyaye mata kuma suna gona. Saƙonni huɗu ne suka fi bukatar a gan su da ido.

Na farko, nono zalla har wata 6. Idan zafi ya tsananta, kaka takan ji tausayin jariri ta ba shi ruwa. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwan randa kuwa yana iya shigar masa da ƙwayoyin zawo, ya kuma cika masa ciki ya rage tsotso. Hoton ya nuna uwa tana shan ruwa daga moɗa, jaririn yana kan nono. Ma'anar a fili take: ruwan na uwa ne, nonon na ɗa.

Na biyu, kumburi. A danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani ko da awon damtse ya nuna tsanwa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan kumburi a matsayin ƙiba, don haka hoto biyu jere, na dannawa da na gurbin, sun fi dogon bayani.

Na uku, abincin gyaɗa na magani, wato Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya gram 92 ne, kuma an ƙididdige adadin da za a ba yaro bisa nauyinsa. Idan aka raba shi da yayyensa, ko aka kai shi kasuwa, maras lafiyar ba zai farfaɗo a kan lokaci ba.

Na huɗu, zawo. Ƙunshin gishirin zawo ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. A nan hoto yana iya yin ɓarna. Idan mazubin da aka zana bai yi kama da na gidajen nan ba, uwa za ta kimanta da ido, haɗin ya yi kauri ko ya tsinke. Ku ɗauki hoton kwalba ko kofin da aka sani a garinku, wanda kuka auna da kanku.

Ƙa'idojin tsara hoto

Ku sa kalmomi kaɗan, manya, waɗanda za su karantu a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Ku haɗa kowane hoto da saƙon murya, domin yawancin iyaye matan da kuke nema ba sa karatun boko, kuma a yankin nan ana jin Hausa da Zabarmanci da Buzanci. Ku nuna abincin da ke akwai: kunun hatsi da aka ƙara wa garin gyaɗa ko wake, ganyen zogale, kuka, ƙwai. Faranti cike da abin da ba a sayarwa a kasuwar Filinge yana koya wa uwa cewa lafiyar ɗanta ta fi ƙarfinta. Kada ku ba launi wata ma'ana dabam: ja ya zauna alamar gaggawa a ko'ina, kamar yadda yake a igiya. Ku sa sunan asibitin da kwanan wata a cikin hoton kansa, ba a ƙasansa ba, domin rubutun ƙasa yakan ɓace a turawa ta biyu.

Kafin ku saki hoto, ku nuna shi ga mata biyar ko shida ba tare da kun ce komai ba, ku tambaye su abin da suka gani. Idan amsoshinsu suka bambanta, hoton ne bai nuna ba tukuna.

Raha da iyakarta

Dariya ce ke ba hoto ƙafa, kuma mu ba baƙinta ba ne. Wasan taubasai na Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, ya daɗe yana ba mutane damar faɗa wa juna gaskiya ba tare da faɗa ba. Ana iya tsokanar maigidan da ba ya rasa kuɗin shayi amma ya rasa na ƙwan yaro. Ba a tsokanar uwar da ɗanta ya rame. Kunya tana cikin abubuwan da ke sa a ɓoye yaro a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa. Kada kuma ku ɗauki hoton yaro maras lafiya ku tura. Fuskar da ta shiga waya ba ta dawowa. Zane ya wadatar.

Idan hoton ƙarya ya iso

Hanyar da gaskiya ke bi ita ƙarya ke bi. A 2003, tun kafin zuwan WhatsApp, jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har kusan shekara guda, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Idan kuka ga hoton da ke aibata rigakafi, ko maganin kare yara daga zazzaɓin damina, ko abincin magani, kada ku tura shi ko da don ku ƙaryata shi, domin mutane sukan tuna hoton su manta ƙaryatawar. Ku kai wa shugaban asibiti labari, sa'an nan ku fitar da saƙon gaskiya da muryar wanda gari ya yarda da shi: ungozoma, ko liman, ko maigari.

Hoto ba ya warkar da yaro. Aikinsa ya sa uwa ta ɗauko igiya ta auna, ta danna ƙafa ta duba, ta kama hanyar asibiti tun yaron yana iya cin abinci. Kulawar tamowa kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ku sa wannan ma a cikin hoton.