Yini Guda A Bakin Turke

A Wasagu, cikin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, babur ya kusa korar doki daga hanya. Amma da sauran gidajen da ake jin haniniya da asuba. A ɗaya daga cikinsu muka yini, wurin wani dattijo mai dawaki uku.

Na fari akawal ne, baƙi wuluk, ingarma mai zafin rai. Muna matsowa sai ya kwantar da kunnuwa baya, ya shiga tonon ƙasa. "Ku dakata, 'ya'yana," in ji dattijon, "kada ku bi ta bayansa." Ashe doki yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta nan ba magana, harbi zai sha. Muka sami inuwa muka zauna, ba mu ce masa kome ba. Sai da aka yi kamar sa'a guda, sa'an nan ya miƙo wuya don kansa, ya sunsuna hannunmu, ya karɓi harawa. Gaskiya mun ji daɗin wannan fiye da a ce an ɗora mu bisa sirdi.

Goɗiyar kuwa ba ruwanta. Jikokin gidan suna sosa mata wuya, ita tana gyangyaɗi a tsaye, leɓe a sake.

Na ukun kili ne, ɗan wayo. Ya iya kwance ragama da haƙori, kuma idonsa ba ya barin ƙwaryar dusa. Muka ce, "Baba, ba a ƙara masa?" Ya yi dariya, ya ce a'a. Cikin doki ƙarami ne, ba ya kuwa iya amai, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi dawa da dusa da 'yar kanwa. In ya ci ya wuce kima, ciwon ciki yana iya kashe shi a dare ɗaya.

Da la'asar aka fita kilisa, wato yawon shan iska a hankali, ba sukuwa ba zamiya. A dā har bakin rafi ake kaiwa, ko da yake da damuna akan guji wurin saboda tsando mai kawo sammore. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Danko da Wasagu, musamman daga 2021, kilisar gidan nan ba ta wuce bayan gari. Yankan ciyawa ma ya zama abin fargaba, harawa ta yi tsada, har an ba dattijon shawara ya sayar da akawal.

Bai amsa ba tukuna. Da muka yi sallama mun bar shi zaune a kan turmi, jikansa yana koyon ɗaura dabaibayi, kilin kuma ya sāke kwance ragamarsa.