Motar da Numfashinta Ya Ɗauke a Hanyar Tsaskiya

Da damina, duk direban a-kori-kurar da ya nufi Tsaskiya, a Ƙaramar Hukumar Safana, ya san sai tayoyi huɗu sun ja tare kafin ya tsallake yashin rafi. To, me ke sa ya saka giyar amma tayoyin gaba su ƙi kamawa, alhali ga majinyaci kwance a baya?

Amsar tana cikin ƙirjinmu. Idan tantanin da ke ƙarƙashin huhu ya sauka, matsin iskar ciki yana raguwa, sai ta waje ta kutsa. Ita kuwa iskar waje tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Wasu tsofaffin motoci ƙirar Hilux da wannan ƙarfin suke aiki: ana zuƙe iska ta siririn tiyo daga gefe guda na wani tantanin roba, iskar waje ta ture shi, shi kuma ya haɗa sandar da ke juya tayoyin gaba. Zafi da tsufa na tsattsaga tiyon. Da zarar iska ta sami kafa, zuƙar ta mutu, tamkar ƙirjin da aka huda.

Saboda haka, kafin a kwance giya, a tayar da inji, a saurari tsiyayar iska. A zare tiyon a ɗora yatsa a bakinsa. In bai kama yatsa ba, a bi shi a nemo tsagar, sannan a duba fiyus da bawul ɗin lantarkin. In ya kama, sai a tuhumi tantanin.

Wannan bincike a gida ake yin sa, ba a tsakiyar rafi ba.