Abin da Hoton Sojan Igwa Bai Nuna Ba

A ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton akwai tarin ƙananan hotuna na sojojin da suka yi yaƙin basasar ƙasar, daga 1861 zuwa 1865. Da yawansu ba su wuce tafin hannu ba, wasu a kan gilashi, wasu a kan siririn farantin ƙarfe. Mai ido yakan gane sojan igwa nan take: igwa biyu a gicciye a goshin hularsa, da jan ƙyalle a bakin rigarsa. Ja ne launin 'yan igwa, kamar yadda rawaya take ta mahaya dawaki. Tunda hoton ba mai launi ba ne, sau da yawa mai hoto ne ke shafa jan da hannu, ya ɗiga ruwan zinare a maɓallai.

Irin wannan hoto yana juya dama ta koma hagu kamar madubi, shi ya sa haruffan kan ɗamara kan fito a birkice. Saurayin kuma bai ɗaure fuska don jarumta kawai ba. Dole ya ƙame na wasu daƙiƙoƙi, wani lokaci ma da ƙarfe a ƙeyarsa yana tallafe kai. Wuƙa ko ƙaramar bindigar da ya riƙe, ba mamaki ta aro ce daga mai hoto, don mutan gida su ga ɗansu ya zama namiji.

Amma a fagen fama ba da wuƙa yake aiki ba, ba kuma shi kaɗai ba. Ɗauki igwar da aka fi ji da ita, wadda ake kira Napoleon, ta tagulla, mai jefa dunƙulen ƙarfe na kilo biyar da rabi, dawaki shida ke janta. Kofur ne ke saita ta, sauran kuwa da lamba ake kiransu, ba da suna ba. Na shida da na bakwai suna baya wajen akwati, suna shirya harsashi da yanka lagwaninsa daidai nisan da ake so ya fashe. Na biyar ya kawo, na biyu ya sa a bakin igwa, na ɗaya ya dandaƙa shi ciki da doguwar sanda. Na huɗu ne ke fizgar igiyar da ke tayar da wuta.

Na bar na uku da gangan. Aikinsa a ido kamar ba aiki ba: ya toshe 'yar kafar da ke gindin igwa da babban yatsansa, sanye da kariyar fata saboda zafin tagulla. Bayan kowane harbi akan samu ragowar garwashi a ciki, shi ya sa na ɗaya ke zura jiƙaƙƙen soso ya kashe shi. Idan na uku ya ɗaga yatsa a wannan lokaci, iska ta shiga ta hura garwashin, sabon albarushin da aka sa ya tashi alhali na ɗaya na riƙe da sanda a bakin igwa. Hannuwansa sun tafi ke nan, in ma ya rayu. Ga hayaƙi ya rufe ido, ga ƙara ta toshe kunne, ga igwar tana zabura baya bayan kowane harbi, sai an turo ta da ƙarfin ƙirji an sake saiti. A haka ƙwararru ke harbi sau biyu a minti ɗaya.

Kowa kuma sai ya iya aikin ɗan'uwansa, domin ana horar da su yadda za su ci gaba idan mutum ya faɗi, har su ragu zuwa biyu. A yaƙin Getisbag, ranar 3 ga Yuli 1863, sojojin jihohin Kudu sun jera igwa wajen 150 suna ruwan wuta fiye da awa guda kafin su afka wa abokan gaba, kuma a bayan kowace ɗaya akwai mai yatsa a kan kafa. Da yawa daga cikin hotunan nan ba a san sunayen masu su ba. Jan ƙyallen da igwar da ke hula ne kaɗai suka rage suna faɗin aikinsu.