Daga gonar Gujba zuwa Psyche: dutsen da aka farfasa kafin a san darajarsa

Da magaribar ranar 3 ga Afrilu, 1984, mutanen ƙauyen Bogga Dingare da ke ƙasar Gujba suka ga wata wuta ta keta sararin sama daga yamma zuwa gabas, sai ƙara ta biyo baya. Da aka je gona, dutse aka tarar, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai kilo 100. Jama'a suka sa masa guduma, kowa ya ɗebi rabonsa.

A lokacin Gujba tana cikin tsohuwar Jihar Barno, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Yobe. Shi ya sa bayanin farko na ilimi a kan dutsen ya fito daga Maiduguri, a mujallar Annals of Borno ta Jami'ar Maiduguri, a 1988. Bisa al'adar masana, dutsen da ya faɗo daga sama sunan wurin da ya sauka yake ɗauka, don haka har yau Gujba ake kiransa a duniya.

Akasarin irin waɗannan duwatsu ɓarɓashi ne daga babbar ɗamarar duwatsu da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mas da ta Jufita. A cikin wannan ɗamara akwai wani ƙato da ake yawan ambata tare da irin dutsen Gujba, wato Psyche, ana furta shi Saiki.

Wani masanin taurari ɗan Italiya, Annibale de Gasparis, shi ya gano shi daga birnin Napoli ranar 17 ga Maris, 1852. Shi ne na 16 da aka gano, lambar da yake ɗauke da ita ke nan, sunan kuwa daga tatsuniyoyin Girkawa aka aro shi, yana nufin rai. A yau ƙa'idar ta fi tsauri: ba a ba dutse lamba sai an tabbatar da hanyar da yake bi, sannan wanda ya gano shi ya gabatar da suna ga Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya.

Faɗin Psyche ya kai kimanin kilomita 220. Yana kammala zagayen rana sau ɗaya cikin kusan shekara biyar, a tazarar da ke tsakanin kilomita miliyan 378 da miliyan 497 daga gare ta, amma juyawa a kan kansa sa'o'i huɗu da 'yan mintuna kawai take ɗaukarsa. Abin da ya ja hankali shi ne yawan ƙarfen jikinsa. Nan ne Gujba ta shigo, domin idan aka yanka dutsenta, ƙwallayen ƙarfe ne jere cikin dutse kamar wake a shinkafa. Babu wanda ya tabbatar daga Psyche ya ɓalle. Wasu masana dai suna ganin kamannin ya isa a riƙa kwatanta su. Wani bincike na 2005 ya nuna shekarun ƙwallayen dutsen sun kai kusan miliyan 4,563, kuma sun samu ne daga wani gagarumin karo a farkon samuwar duniyoyi.

Ranar 13 ga Oktoba, 2023, hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbo zuwa Psyche, ana sa ran isarsa a 2029. Tafiyar kusan shekara shida ke nan don a leƙa irin abin da ya faɗo wa manoman Gujba kyauta.

Gutsattsarin dutsen kuwa sun watsu. Wasu sun shiga hannun dillalai, aka sayar da su bayan shekaru, yanzu suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike na ƙetare, ana cinikin sauran da giram. Ba laifin manomi ba ne, wanda babu wanda ya gaya masa abin da ke gabansa. Tambayar tana kan teburin Abuja: in wani ya faɗo gobe a Damboa ko Biu, wane ofishi dagaci zai kira, kuma wa zai isa kafin guduma?