Man Kare Fata Daga Rana: Ga Zabiya Magani Ne, Ba Kwalliya Ba

A ƙasar Jaba da Kaciya da kewayen Kafancan, inda ake noma mafi yawan cittar Nijeriya, manomi a rana yake wuni, tun daga shuka da farkon damina har zuwa haƙa da tsagawa da shanya a lokacin hunturu. Ga akasarin mutane abin bai wuce gumi da gajiya ba. Amma ga zabiya, al'amari ne na rai da mutuwa.

Dalili kuwa shi ne, baƙin fata yana samuwa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda yake tare wani haske na rana da ido ba ya gani. Jikin zabiya ba shi da wannan garkuwa. Da fari leɓe ya tsage, wuya da kunnuwa su yi kirci, a kwana a tashi sai gyambon da ba ya warkewa, watau sankarar fata, wadda take cikin manyan cututtukan da ke kashe zabiya a Afirka tun da ƙuruciyarsu.

Likitoci suna ba da shawarar man da aka rubuta wa SPF 50. A shafa kamar minti 20 kafin a fita, a sake bayan kowace awa 2, musamman in an yi gumi. Man kaɗanya da basilin ba sa maye gurbinsa, kuma hadari ko hazo ba ya hana wannan haske sauka. A haɗa da malfa da riga mai dogon hannu, a kuma nemi inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

To, amma man yana da tsada, kuma an ɗauke shi kayan kwalliya. Ƙungiyar Albino Foundation, wadda Jake Epelle ya kafa a 2006, ta daɗe tana kuka a kan haka. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da suka zama wajibi.

Saura Gwamnatin Jihar Kaduna ta ajiye shi a babban asibitin Kafancan da ɗakunan shan magani na karkara, iyaye da malamai kuma su daina tura waɗannan yara aiki da tsakar rana. Rigakafi dai ya fi magani.