Famfon Ban Ruwa Mai Tashi Da Kansa

A Amurka masu gidaje da yawa ba su tsayawa ban ruwan ciyawar ƙofar gida, wani ɗan akwati mai agogo ke yi musu. Mai lambun da famfonsa na lantarki ne, shi ma dabarar za ta amfane shi.

Akan raba fili kashi-kashi, kowane kashi da bututunsa da bawul ɗinsa. In lokaci ya yi, sai akwatin ya aika da 'yar wuta ta buɗe bawul ɗaya, ta kuma ta da famfo. Mintocin da aka yanka na cika, sai ya rufe wannan ya buɗe na gaba.

Amma fa a kula da abu biyu. Famfo in ya yi ta juyawa ba ruwa, sai ya yi zafi ya ƙone. Maganinsa a sa makunni mai yawo bisa ruwan rijiya, wanda zai yanke wuta in ruwa ya ja baya. Na biyu, agogo bai san ƙasa ta ƙoshi ba, ruwa kuwa in ya yi yawa sai albasa ta ruɓe. Saboda haka akan binne ma'aunin laima a gindin shuka don ya tsai da famfon.

Duk da haka, lalle ne mai lambu ya riƙa zagawa kullum yana duba bututu.